Wanda Ya Ba Da Takalmin Sefti, Ya Haɗa Da Safa

Tsakanin ƙarfe bakwai da takwas na safe, Ƙofar Doka da Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Gayan suna fitar da ma'aikatan birnin Zariya zuwa neman halali: birkiloli da leburorinsu, masu walda, masu haɗa wayar lantarki, makanikai, da ɗaliban Kwalejin Nuhu Bamalli da aka tura koyon aiki. Wasu Sabon Gari suka nufa, wasu Samaru, wasu Kwangila, wasu kuma can inda ake aikin hanyar Kaduna zuwa Kano. Mai lura zai ga abu ɗaya. Da yawansu suna da takalmin sefti, mai ƙarfe a baki, amma ba a ƙafa yake ba. Yana ɗaure a bayan babur ko cikin leda, ƙafa kuwa tana cikin silifas. A wurin aikin ma, da an yi sallar azahar injiniya ya ba da baya, sai takalmi ya koma gindin bango.

An saba ɗora laifin a kan taurin kai, a ce mutanenmu ne ba sa son bin doka. Mai wannan rubutu bai yarda ba. Leburan da ya taɓa ganin bulo ya fasa wa abokinsa farce ya fi kowane injiniya sanin amfanin takalmin. Abin da ke fitar da ƙafarsa daga ciki shi ne zafi da gumi, da bororo a diddige, da cin ruwa tsakanin yatsu, da warin da ke sa shi jin kunyar shiga sahu. Kuma kaso mai yawa na wannan wahala daga safa yake, ko daga rashinta. An kashe dubban nairori a kan takalmi, an bar abin da ke tsakaninsa da fata ga duk abin da mai talla ya miƙo a bakin hanya.

Shi takalmin, in na kirki ne, an san iyakarsa. Ƙa'idar duniya mai lamba ISO 20345 ta shar'anta cewa ƙarfen bakinsa ya jure faɗowar abu mai nauyin kilo 20, wato ƙasa kaɗan da rabin buhun siminti, daga tsawon kimanin mita ɗaya, ya kuma jure dannawar kusan tan ɗaya da rabi. To, abin da aka ƙera don kada ya lanƙwashe, ba zai lanƙwashe wa ƙafa ba. Takalmin fata na yau da gobe yakan saki bayan mako biyu ya bi siffar mai shi. Bakin ƙarfe ba ya saki har takalmin ya mutu. Gefensa yana zaune daidai kan gaɓoɓin yatsu, yana gurza wurin duk taku, duk tsugunno, duk hawan tsani. Shi ya sa safa take fara hujewa a babban yatsa, sannan diddige ya biyo baya. Ƙarfe kuma yana ɗaukar zafi. Mai aiki a kan kwalta ko a kan rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafin Zariya ke haura digiri 35, ya san yadda gaban takalmin yake komawa in la'asar ta gabato.

Ga kuma gumi. Ƙafafuwan mutum biyu suna da ƙofofin gumi kimanin 250,000, kuma a cikin takalmin da aka rufe ruf babu inda ruwan zai je sai cikin safa. Jiƙaƙƙiyar fata tana laushi, tana kuma kama abin da ke gugarta fiye da busasshiya. Saman fata ya tsaya, ƙasanta ya motsa, sai ta rabu ta ɗuri ruwa. Wannan shi ne bororo. Damshin nan ne kuma gidan ƙwayar cutar da ke kawo cin ruwa, da waɗanda ke kawo wari. Aikin safa ke nan: ta janye gumi daga fata, ta tsaya tsakanin ƙarfe da ƙashi, ta kuma zauna a inda aka sa ta, ba tare da ta tattare ba.

A nan ne Bazazzagi yake faɗawa tarko, kuma da dalilinsa. Zariya garin auduga ce. Tun 1922 ake binciken noma a Samaru, kuma irin audugar da ake kira SAMCOT daga cibiyar binciken noma ta IAR ya fito. A birnin da babbar riga da ɗinkin hannu suke da daraja, in aka ce da mutum "auduga zalla ce" an gama yi masa talla. Ga riga a lokacin bazara, gaskiya ne, don iska tana kaɗa ta, gumi ya bushe. Cikin takalmin sefti babu iska. Auduga tana shan ruwa ta riƙe, ta yi nauyi, ta kwanta ta rasa taushinta, ta saki ta tattare ƙarƙashin tafin ƙafa. Tun 1990 wasu likitocin ƙafa biyu a Amurka, Herring da Richie, suka gwada safar auduga da ta zaren akirilik a ƙafafuwan masu gudun dogon zango. Masu auduga sun fi samun bororo da kusan ninki biyu, nasu kuma ya fi girma. Mai gudu yana cire takalminsa bayan awa ɗaya ko biyu. Lebura yana kwashe yini.

Ulu ne sarkin wannan fage, duk da yadda kunne ke jin abin banbaraƙwai. Ulu a zafin Zariya? Zaren gashin tunkiya yana iya shanye damshi har kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa kafin a ji shi a jiƙe, yana kuma riƙe tsayuwarsa ko da ya sha gumi, ba ya saurin wari. Mai laushin cikinsa, na tunkiyar merino da ta samo asali daga Sifen kuma Ostareliya ta fi kowa kiwonta yanzu, ba ya ƙaiƙayi irin na tsohon bargo. Rauninsa shi ne shi kaɗai ba ya jure guga. Don haka masu saƙa safar aiki suke haɗa shi da nailan, musamman a yatsu da diddige, su ƙara ɗan zaren roba kaɗan don ta kama ƙafa. Foliyesta da akirilik kuwa kusan ba sa shan ruwa, tura shi waje suke yi, suna saurin bushewa, sun fi araha, amma sun fi saurin wari. Ga mai ƙaramin ƙarfi, safa mai kauri ta haɗin akirilik ko foliyesta da nailan ta fi auduga zalla nesa ba kusa ba.

Sai dai mai walda da maƙeri su yi hattara. Zaren nailan da foliyesta narkewa suke yi in tartsatsi ya faɗa musu, su manne a fata. Ulu ba ya saurin kama wuta kuma ba ya narkewa, auduga ma ba ta narkewa. Wanda ke yanka ƙarfe a Tudun Wada ya nemi mai rinjayen ulu, in bai samu ba ya koma auduga mai kauri ya riƙa canjawa, ya kuma saki ƙafar wandonsa a kan wuyan takalmin maimakon cusa ta ciki.

Akwai kuma abin da masu saƙa safa a Turai da Sin ba su lissafa da shi ba, kuma a ganin mai wannan rubutu ya fi batun zare muhimmanci a garinmu. Ma'aikacin birnin Zariya yana alwala. Azahar da la'asar a wurin aiki suke riskarsa, wani lokaci har magariba. Yana cire takalmi, ya wanke ƙafa, ya tsefe tsakanin yatsu, ya yi salla, sannan helma yana kiran a koma, sai ya zura ƙafar da ba ta gama bushewa ba cikin safar da ta sha gumin safiya. Wanke ƙafa sau biyar a rana gata ce da ma'aikatan wasu ƙasashe ba su da ita. Amma komawa cikin jiƙaƙƙiyar safa yana rushe amfanin. Babin shafa a kan huffi yana nan a Risala, kuma mazhabar Malikiyya da birnin ya ginu a kanta ta ɗaure sauƙin ga huffin fata da sharuɗɗansa. Wasu malaman sun faɗaɗa shi zuwa safa mai kauri. Wannan magana ce ta malamai, kowa ya tambayi nasa. Abin da ya shafi wannan shafi shi ne mafi yawan ma'aikatanmu cirewa suke yi su wanke, don haka hutun azahar shi ne lokacin canjin safa da Allah ya riga ya tsara musu. Ɗan tsumma na goge tsakanin yatsu, da busasshiyar safa a aljihu, ta safe kuma a shanya ta a rana kan bulo kafin a tashi. Babu abin da ya kai wannan araha a duk kayan kariya.

Soja ya daɗe da sanin haka, kuma da jini ya saya. A lokacin sanyin 1914 zuwa 1915, dubban sojojin Ingila sun kwanta asibiti saboda ruɓewar ƙafa a ramukan yaƙi, ba harsashi ba. Maganin da aka samu shi ne tilasta wa kowa ya riƙe safa ƙafa uku, ya riƙa canjawa a rana, hafsa kuma ya riƙa duba ƙafafuwan yaransa. Zariya ba baƙuwar wannan ilmi ba ce. Tun 1924 Defo take horar da kuratan soja a garin nan, kuma duk tsohon sojan da ke zaune a Kwarbai ko Kusfa zai gaya wa mai tambaya cewa a doguwar tafiya ƙafa ce take fara ka da mutum. Ilmin bai tsallaka katangar bariki ya isa wurin 'yan kwangila ba.

To yaya ake zaɓa, tunda a Kasuwar Sabon Gari ko kasuwar birni takardar da ke manne a jikin safa ba abin dogaro ba ce? Ana iya buga "ulu" a kan abin da bai taɓa ganin tunkiya ba. Hannu da ido su ne shaida. A juya safar ciki waje. Ta aiki tana da gashi-gashi irin na tawul a tafi da diddige da kan yatsu, kuma a cike yake, ba tsilli-tsilli ba. Sannan a shafa ɗinkin bakin yatsu. In ya yi tudu kamar igiya, a ajiye ta, domin daidai nan ƙarfe zai danna shi cikin fata. A zura hannu a buɗe ta a ɗaga wa rana. In ana hango yatsu ta diddige, wata guda ba za ta yi ba. A ja wuyanta a saki, a ga ko ya koma yadda yake. Tsawo kuma dole ya wuce wuyan takalmi da kamar faɗin tafin hannu, saboda gajerar safar 'yan gayu tana barin fatar takalmi tana yankar idon sawu, yashi da tsakuwa kuma suna samun hanya. Tsohuwar dabarar kasuwa ta naɗe ƙafar safa a dunƙulen hannu, in diddige ya haɗu da yatsa to daidai ce, har yanzu tana aiki. Babba tana tattarewa, ƙarama tana matse yatsu ta kuma huje da wuri. Robar da ta bar zane mai zurfi a ƙwauri da yamma ta yi tsauri.

Safar 'yan ƙwallo, wadda samari da yawa suke sawa, tana da tsawo kuma tana bushewa da wuri, amma tafinta siriri ne. In an ɗora mai kauri a kanta ta yi, domin gugar sai ta koma tsakanin safa da safa maimakon tsakanin safa da fata. Sojojin Amurka sun gwada irin wannan haɗi a kan kuratansu sun ga bororo ya ragu. Sharaɗin shi ne takalmi ya kasance da wuri. Wannan ya kawo wani kuskure da kusan kowa ke yi, wato sayen takalmi da farko, safa daga baya. Kamata ya yi a je gwaji da safar da za a yi aiki da ita, kuma da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Kamfanin da ke rabon takalmi da lamba kawai, wannan 42 wancan 44, yana raba wa rabin ma'aikatansa ciwo.

Ulu na gaske sabo yana da tsada, kuma ba kowane shago ake samunsa ba. Amma da hunturu ya kama, masu gwanjo suna buɗe dilar kayan sanyi, kuma a cikin tarin nan akwai safar hawan dutse da ta aiki daga ƙasashen sanyi, wasu ko sawa ba a yi ba sosai. Mai wayo a Disamba yake sayen safar da zai sa a Agusta. A wanke ta sosai a shanya a rana kafin ta taɓa ƙafa.

Ƙarko kuwa rabinsa kulawa ce. Farcen da ba a yanke ba ya fi ƙarfe kashe safa, kaushi da faso na lokacin hunturu kuma suna cinye diddige, don haka dutsen goge ƙafa da ɗan man kaɗanya da dare suna ƙara wa safa kwana. A wanke ta a juye, kada a zuba ruwan bilic domin yana kashe roba yana cin ulu, kada a gasa ta a bakin murhu. Safa ƙafa ɗaya da ake sawa kullum ba ta samun hutun da zarenta zai koma daidai. Shida da ake juyawa sun fi shida da aka saya ɗaya bayan ɗaya daɗewa. Da damina, musamman Agusta, takalmin kansa yana bukatar a zare shimfiɗar cikinsa a cusa masa tsohuwar jarida ya kwana. Masu ɗaura leda a ƙafa kafin su sa takalmi suna tsare ruwan sama ne su kulle na jiki.

Masu zubin kankare nasu ya fi na kowa haɗari. Ɗanyen siminti yana ƙona fata a hankali, ba tare da zafin farko da zai gargaɗi mutum ba. In ya shiga takalmi safa ta sha shi, ta zama ita ce ke riƙe shi a jikin fata har yamma. A ranar zubi ana ganin yara masu ɗaukar kwanon sarki sun naɗe ƙafa da buhun siminti da tsumma. Waɗannan dogon takalmin roba suke bukata, da doguwar safa, da umarnin cewa duk wanda kankare ya shiga wa ya tsaya nan take ya wanke da ruwa mai yawa ya canja. Mai ciwon suga kuma, wanda jin ƙafarsa ya ragu, ƙaramin bororon da bai ji ba yana iya kai shi asibitin Shika, wani lokaci har a rasa yatsa. Shi kam duba ƙafa kowane dare wajibi ne, safarsa kuma ta zama marar tudun ɗinki, marar matsi, fara in da hali don tabon jini ya nuna.

Saura tambayar da ake gudu: wa zai biya? Dokar Masana'antu ta 1987 ta ɗora wa mai masana'anta samar da kayan kariya ga masu aiki cikin jiƙa ko abubuwa masu cutarwa, ta ambaci safar hannu da takalmi da tabarau da abin rufe kai. Safar ƙafa ba ta samu shiga da sunanta ba, shi ya sa ba ta shiga takardar sayayya. Ɗan kwangila zai ce ai safa tufafi ce kamar singileti, kowa ya sayi tasa, yau in an ba da safa gobe sabulu za a nema. Hujjar tana da ɗan ƙarfi, amma lissafinta bai fita ba. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024 naira 70,000 ne, leburan yini kuwa ko wannan tabbacin ba shi da shi. Mutumin da ke auna kwanon masara ba zai ware kuɗin safa mai kyau ƙafa shida ba, zai sayi mai araha, ta huje, ya cire takalmi. Daga nan kuɗin takalmin ya tafi a banza, ƙusa ta samu ƙafa, aiki ya tsaya, maigida ya biya kuɗin allura da ɗinki. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, a nan kuwa ko riba ba ta yi. Kuɗin safa shida bai kai na takalmi ɗaya na kirki ba. Manyan ayyukan da suka ratsa ƙasar Zazzau a 'yan shekarun nan, bututun gas na AKK mai kilomita 614 da aka ƙaddamar a 2020, da layin dogo na Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar a 2021, sun saba wa samari da yawa da hular kwano da takalmin sefti. Ƙara layi ɗaya a jerin kayan da ake rabawa ba zai girgiza kasafin irin waɗannan ayyuka ba, kuma abin da manya suka fara, ƙananan 'yan kwangila sukan kwaikwaya.

Wani abin takaici a gefe. Garin da ke da cibiyar fasahar fata ta NILEST a Samaru, da sashen nazarin saƙa a Jami'ar Ahmadu Bello, da dubban masu allura a unguwannin birni, safarsa daga wurare irin su Datang take zuwa, wani gari a lardin Zhejiang na ƙasar Sin da ke saƙa kusan kashi ɗaya cikin uku na safar duniya. Masaƙar Kaduna ta farko ta fara aiki a 1957, masaƙar UNTL ta rufe a 2007, kuma tun daga nan duk maganar farfaɗo da masaƙu ta manyan biliyoyi ce. Alhali injin saƙa safa ƙarami ne, ɗaki guda yana ɗaukar da dama. Masu saye kuma suna nan a shirye: kuratan Defo, ɗaliban makarantar soja, ɗaliban injiniya na Kwalejin Jiragen Sama, ma'aikatan lantarki, 'yan hidimar ƙasa. Abin da zai tsayar da mai jari shi ne wuta da zaren da dole a shigo da shi, ba rashin kasuwa ba.

Kafin a kai can, ƙungiyoyin birkiloli da na masu walda da ke da rassa a birni da Sabon Gari suna iya abin da ba ya jiran gwamnati. Suna haɗa kuɗin suna da na biki, suna iya haɗa na katan ɗin safa daga Kantin Kwari a farashin sari, a raba wa mambobi a riƙa cira kaɗan-kaɗan. Iyayen gida a garejoji su sa safa ƙafa uku cikin kayan da yaro zai zo da su ranar da aka kawo shi koyon sana'a, tare da rigar aiki. Jami'in kariya kuma, maimakon ya tsaya a ƙofa yana ƙirga huluna, ya zagaya bayan azahar ya ga mutum nawa ne suka mayar da takalminsu, ya tambayi waɗanda ba su mayar ba su nuna masa diddigensu.